Babi na Biyar: Wa Ya Buɗe Dam?

Duk shekarar da ruwa ya ci gari a ƙasar Haɗeja ko Ringim ko Auyo, tun kafin a gama kwashe tabarmi da buhunan hatsi zuwa makarantar firamare, tambaya guda ce ke yawo a bakin mutane: wa ya buɗe dam? Haka ake yi a Yola da Makurɗi da Lakwaja, sai dai su can Kamaru suke nuna wa yatsa. Tambayar tana da hujja, domin mai gona a bakin kogi ya san bambancin ruwan da ya zubo masa daga sama da wanda ya kwana yana gangarowa, alhali a garinsu ko yayyafi ba a yi ba. A watan Satumba na 2010 gwamnatin Jigawa da kanta ta yi wannan zargi, ta ce ruwan da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa ne ya raba jama'arta da gidajensu da gonakinsu. Hukumar da ke kula da madatsun kuwa ta ce ita ba ta buɗe komai ba, ruwa ne ya cika ya tumbatsa. Mai yiwuwa ne kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, kuma duk da haka a ce an yi sake. Kafin ruwa ya iso ƙofar gidan manomi, an riga an yanke shawarwarin da suka kawo shi tun watanni, wasu ma tun shekaru, a ofisoshi daban-daban waɗanda ba kasafai suke zama wuri ɗaya ba.

Randar da ta riga ta cika

Madatsa randa ce babba. In uwargida ta cika randarta fal tun da hantsi, mai garuwa ya zo da rana ya ƙara juye tulu biyu, ruwan ƙasa zai bi, kuma ba wanda zai ce murfin ne ya yi laifi. Kowace madatsa ana yi mata mafita a gefe domin rarar ruwa, kuma a madatsu da yawa wannan mafita ba ta da ƙofar da ake rufewa ko buɗewa: da zarar ruwa ya kai bakinta sai ya bi ta kansa. An yi ta ne don kada ruwa ya haura jikin madatsar ya cinye ta, wanda shi ne babban bala'i. Saboda haka idan injiniya ya ce bai buɗe ba, yana iya kasancewa gaskiya ya faɗa. Tambayar da ta fi amfani ita ce: ina ruwan ya tsaya a watan Yuni, kafin marka ta kankama? Madatsar da aka bar mata wuri tana iya haɗiye ruwan makonni ta riƙa sakinsa a hankali. Wadda damina ta same ta a cike ba ta da abin da za ta yi wa mutanen ƙasa da ita, abin da ya shigo shi zai fita.

Me zai hana a riƙa rage ruwan tun da wuri? Abin da ke hanawa shi ne an gina yawancin madatsunmu don tara ruwa, kuma masu cin moriyarsu cikarsu suke so. An kammala Tiga a 1974, zamanin gwamna Audu Baƙo, domin shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da kuma ba birnin Kano ruwan sha. Challawa, da ke ƙasar Ƙaraye, ta biyo baya a 1992. Manomin shinkafa da tumatir a Kura yana son ya ga madatsa a cike ranar da damina ta ɗauke, hukumar ruwan sha ma haka. Manomin Auyo kuwa so yake a bar wa ruwan Agusta wuri. Jami'in da ya rage ruwa a Yuni, sannan damina ta zo da ƙarancin ruwa, zai sha zagi daga mutanen da ke kusa da shi, masu murya, waɗanda suka san ofishinsa. In kuwa ya riƙe ruwan aka yi ambaliya a wata jiha, sai a ce daga Allah ne. Duk wanda aka ajiye a wannan kujera ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba, ɓangaren riƙewa zai karkata, ko da mutumin kirki ne. Maganin abin shi ne a sami ƙa'idar da aka amince da ita tun kafin damina, wadda ta faɗi iyakar da ruwa zai tsaya a kowane wata, a kuma riƙa sanar da ma'aunin ruwan a rediyo yadda ake sanar da farashin hatsi. Idan kowa ya san adadin, zargi da musu duka za su ragu, domin akwai abin da za a auna maganar kowa da shi.

Kogi ɗaya, iyayen gida barkatai

A bi ruwan da ƙafa a gani. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano su zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil da Ringim ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru. Can yake gamuwa da ruwan Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa Bauchi. Daga nan sunansa Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a wajen Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi. Jihohi shida ke da rabo a wannan ruwa: Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Barno, ga kuma wata ƙasa a can ƙarshe.

Yanzu a duba masu iko. Madatsun Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ɗaya daga hukumomin raya koguna da gwamnatin soja ta kafa a 1976, kuma Abuja take yi wa biyayya. Ƙarshen kogin, ɓangaren Yobe da Barno, yana yankin wata hukumar dabam, ta raya Tafkin Chadi. Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar da ke gaɓar wannan ruwa a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma da masu gari ke rabawa. Hasashen damina aikin NiMet ne, hasashen ambaliya na NIHSA, wadda kowace shekara take fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Agaji kuma na NEMA ne da takwarorinta na jihohi. Kowace daga cikinsu tana iya yin aikinta daidai, gari ya nutse. Mai hasashe ya yi gargaɗi, amma ba shi da ikon ya ce a rage ruwan madatsa. Mai madatsa ba shi da ta cewa a kan wanda ya yanka filin gida a cikin fadama. Mai raba fili ba a tambayarsa ranar da ruwa ya zo. Wanda ake gani a ƙarshe shi ne mai raba shinkafa da katifa, kuma shi ne ake ɗauka hoto da shi, don haka kuɗi da hankalin 'yan siyasa can suka fi tafiya. Asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981 don irin waɗannan matsaloli, ana raba shi tsakanin matakan gwamnati uku, kuma ɗan ƙasa ba ya samun sauƙin gano abin da jiharsa ta yi da rabonta.

Yadda kacalla ta juya kogi

Babu inda illar wannan rarrabuwa ta fito fili kamar fadamun Haɗeja da Nguru. Kafin madatsu, kogin yana da numfashi biyu a shekara. Da damina ya cika ya malale fadama, da rani ya janye har wasu rassansa su bushe ƙurmus. Rayuwar yankin gaba ɗaya a kan wannan aka gina ta: shinkafa a cikin ruwa, masunta su bi kifi cikin fadama, in ruwa ya ja baya a shuka wake da sauran amfanin raɓa a danshin da ya bari, sannan Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar rani. Ruwan da ya kwanta kuma yana nutsewa ya ciyar da rijiyoyin garuruwa masu nisa da kogin. A wajen mutanen nan, malalar ruwa ta shekara-shekara arziki ce, shekarar da ba ta zo ba ita ce shekarar kuka.

Madatsun biyu, waɗanda ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan kogin Haɗeja, sun sauya wannan tsari. Ruwan damina ya ragu, na rani ya ƙaru, domin ana sakin ruwa duk shekara saboda famfunan Kano da gonakin rani. Rassan da a da suke bushewa sai suka zauna da ɗan ruwa marar ƙarfi wata goma sha biyu, irin wurin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta yaɗu, ta tare laka, lakar ta toshe hanyoyin ruwa. Kogin da aka toshe wa hanya kuwa sai ya nemi wata. Mafi yawan ruwan ya karkata zuwa reshen Marma da ke zuwa tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin Guri da Kirikasamma da kewayen Nguru shekara da shekaru, yayin da wasu rassan suka ƙafe, ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa kuma ya zama ɗan kaɗan. A ƙasa ɗaya, wani ƙauye na kukan ruwa ya cinye gonarsa, maƙwabcinsa na kukan ƙishirwa. Dajin kacallar kuma ya zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, ya hana masunta jefa koma.

Abin lura shi ne babu wanda ya zauna ya shirya wannan. Kowa ya yi abin da aka ɗora masa ne: mai sakin ruwa ya saki don birni ya sha, manomi ya haƙa 'yar hanya daga kogi zuwa gonarsa, wani ƙauye ya datse reshe don ya tsare nasa. Ba a ba kowa aikin duba kogin daga Tiga har Gashuwa a matsayin abu ɗaya ba. Masana tattalin arziki da suka yi bincike a yankin a shekarun 1990 sun gano cewa in aka haɗa noma da kamun kifi da itacen wuta, ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani a kan adadinsa da aka kai gonakin rani na Kano. Wannan ba ya nufin a rushe Tiga, ba mai hankalin da zai ce birnin Kano ya zauna ba ruwa. Yana nuna dai cewa lokacin da aka yi lissafin ribar madatsa, ba a sa mutanen ƙasa da ita a cikin lissafin ba. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan yashe kogi, jama'a kuma suna fita aikin gayya su sare kacalla, kuma hakan na taimakawa. Amma muddin yadda ake sakin ruwa bai canza ba, kacallar da aka sare bana za ta dawo baɗi.

“Ai ruwan ne ya yi yawa”

Wani zai ce duk wannan dogon bayani ne kawai, ruwan sama ne ya ƙaru, kuma ba mai iya tare abin da Allah ya saukar. Akwai gaskiya a nan. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 damina ta farfaɗo a yankin Sahel, kuma ruwa mai ƙarfi da ke zuba cikin 'yan sa'o'i ya yawaita. A 2012 NEMA ta ƙirga mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan biyu da suka bar gidajensu, a 2022 kuma mamatan sun haura 600. Akwai shekarar da ko an yi komai daidai sai ruwa ya yi ɓarna. Sai dai yarda da ƙaddara bai taɓa hana manomi gyara rumbunsa kafin damina ba, kuma ƙaruwar ruwan hujja ce a kan masu iko, tunda madatsun da aka auna da ruwan shekaru 40 ko 50 da suka wuce sun fi buƙatar a sa musu ido yanzu.

Maiduguri ta nuna haka. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, wadda aka gina a shekarun 1980, ta ɓalle cikin dare wayewar 10 ga Satumba 2024. Ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya rusa katangar gidan yari, ya kashe dabbobin gidan zu, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Shekaru 30 kafin nan, a 1994, ruwan wannan madatsa ya taɓa cin garin. Kafofin labarai sun ruwaito cewa mazauna kusa da ita sun yi ta kokawa kan lalacewarta kafin ta ɓalle. Madatsar ta hukumar tarayya ce, garin da ke ƙasa da ita na jiha ne, unguwannin da suka yaɗu a gaɓar kogin kuma wasu ne suka ba da filayensu. Ruwan saman daga Allah yake. Gyaran madatsa, da gargaɗin da ya kamata ya tashi mutane kafin tsakar dare, da sanin inda za su nufa, waɗannan aikin mutane ne masu albashi. Kano ma ta ga irin wannan a 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta fashe.

To a ƙara gina madatsu mana

Wannan ita ce amsar da ta fi daɗi a bakin ɗan siyasa. Duk lokacin da Binuwai ta yi ambaliya sai a tuno da Dasin Hausa, madatsar da aka daɗe ana cewa za a gina a Adamawa don ta tare ruwan madatsar Lagdo, wadda Kamaru ta kammala a 1982. Wataƙila za ta taimaka wa Yola da Numan. Amma ruwa mai yawa yana shiga Binuwai ne a cikin Najeriya, daga kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, duk a ƙasa da inda za a gina ta, kuma in aka gudanar da ita yadda ake gudanar da sauran, ita ma damina za ta same ta a cike. A kogin Jama'are, shirin madatsar Kafin Zaki ya shafe shekaru gommai ana ja-in-ja, Bauchi na so, mutanen Yobe da Barno na tsoro, domin Jama'are ce ta rage tana kai musu ruwa. Tsoron nasu ba na banza ba ne, sun ga abin da ya sami Haɗeja, kuma ba a manta da madatsar Bakolori ba, inda a 1980 aka kashe manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu.

Wa ya kamata ya riƙe kogi?

Ƙasar Holan ce aka fi kawowa misali, kuma mutane sukan tsaya a kan manyan katangun da ta gina bayan ambaliyar 1953 wadda ta kashe fiye da mutum 1,800. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne tsarin da ke bayan katangun. Tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa, yau guda 21, waɗanda iyakarsu ke bin ruwa, jama'a ke zaɓen wakilansu, kuma suna karɓar harajinsu na kansu wanda ba a iya karkatar da shi zuwa wani aiki. Bayan da aka kwashe mutum kusan 250,000 a 1995 saboda tsoron ɓallewar jinga, sai suka canza tunani, suka fara ba kogi fili. A garin Nijmegen sun ja jinga baya da mita 350, suka biya masu gidajen da abin ya shafa. Za a ce su masu kuɗi ne, kuma haka ne. Amma majalisun nan sun girmi arzikin, manoma ne suka fara su don kowa ya san yankin jingar da ke wuyansa. Mu kuma filin da su suke saye da tsada don kogi ya malala, muna da shi kyauta, shi ne fadama, sai dai muna yanka shi filoti-filoti.

Akwai masu ganin a tattara komai a hannun tarayya a huta. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa da aka yi ta kaiwa majalisa tun 2017 ya nufi wani abu mai kama da haka, ya kuma faɗi sau da dama, domin gwamnoni da ƙungiyoyi, musamman a kudancin ƙasar da jihar Binuwai, sun ɗauke shi dabarar ƙwace gaɓar koguna. Ko zargin ya yi daidai ko bai yi ba, faɗuwar ta nuna cewa ba a mulkin ruwa da ƙarfi inda babu yarda. Kuma ofishin da ke Abuja ba zai san wane reshe ne ya toshe a Guri ba. Abin da ya fi kusa da daidai an riga an gwada shi a nan gida. A 2006 jihohi shidan nan da gwamnatin tarayya suka yi taro a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗaya, suka kafa asusu na haɗin gwiwa. An kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa, wadda ta shafe shekaru tana jiran sa hannu. Raunin wannan yunƙuri shi ne ya dogara da niyyar gwamnonin da ke kan kujera, in sun sauka sai a koma farko. Da za a ba irin wannan majalisa ƙarfin doka, ta zama ita ke amincewa da jadawalin sakin ruwa kowace shekara, ta kuma shata inda ba a yarda a yi gini ba, da an sami wanda za a tuhuma da suna. Kuma kujerunta kada su tsaya ga kwamishinoni. Sarkin ruwa da ya san zurfin kowane gulbi, da arɗon da ya san inda shanu ke sauka, da shugaban manoman Kura da takwaransa na Gashuwa, su ne za su yi ciniki na gaske, domin su ne abin zai ci.

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi ruwan da ke tahowa daga nesa. Amma akwai ambaliyar da ba ruwanta da madatsa, wadda ke tashi a tsakiyar birni bayan ruwan sa'a biyu. Babi na gaba zai shiga Kano, ya bi koramar Jakara daga tushenta, ya duba kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, da wanda ya sa hannu a takardun.